Falon da Ya Kumbura a Argungu: Nazarin Abin da Ke Ƙarƙashin Daɓe

Gidan da wannan nazari ya shafa yana gefen garin Argungu, ta ɓangaren da ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Mai shi ɗan kasuwar shinkafa ne. A watan Afrilu, ana saura 'yan makonni bikin babban ɗansa, ya sa aka shimfiɗa masa laminet a falo, irin daɓen nan mai kama da katako da ake harɗawa allo-allo ba tare da gam ba. Falon mita 6 ne tsawo, mita 5 faɗi. An sha biki, baƙi sun yaba. Kafin ƙarshen Agusta bakin allunan ya kumbura, tsakiyar falo ta yi tozo, ƙofa ta fara goga ƙasa, ɗakin kuma ya ɗauki warin fumfuna wanda turaren wuta ya kasa rufewa.

Alhaji ya ce jabun kaya aka sayar masa. Mai shago ya ce kayansa lafiya lau suke, ga gidajen da aka shimfiɗa wa irinsu ba abin da ya same su. Wanda ya yi shimfiɗar ya ce 'yan aikin gida ne ke wanke falo da ruwa. Aikina duba gine-gine ne, aka kira ni in raba gardama. Duk su ukun saman daɓe suke kallo, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Yadda aka yi aikin farko

Falon yana cikin tsohon sashen gidan. Kafin laminet, ledar ɗaki ce a shimfiɗe a kan daɓen siminti. Da aka ɗage ta sai aka ga daɓen ya lotsa a wurare, don haka aka sa birkila ya yi sabon shafen siminti da yashi a kai, kaurin kamar santimita 3 zuwa 4. Bai cika mako biyu ba aka rufe shi, saboda biki ya matso kuma a ido ya bushe ƙarau. Zafin Afrilu a Kabi, da yake haura digiri 40, yakan busar da fuskar siminti cikin yini guda, cikinsa kuwa na nan da ruwansa.

A kan wannan shafe aka shimfiɗa soson kafet, mai kala-kalan nan da ake haɗawa da guntattakin soso, kaurin kusan santimita 1. Ba a sa leda ba. Mai shimfiɗa ne ya ba da shawarar, da kyakkyawar niyya: ya ce mai kauri ya fi daɗin takawa, kuma babban mutum bai kamata a sa masa siririn soso ba. Aka jera alluna daga bango zuwa bango, cif, ko wuƙa ba ta shiga tsakani.

Hujja mafi ƙarfi daga cikin gida ta fito. Da na tambaya ko an taɓa ganin laima a falon, Hajiya ta amsa daga bakin ƙofa: "Ai na faɗa mishi tun ba yau ba. Kowace damana sai mun naɗe ledar wanga falo mun shanya, ƙarƙashinta sharkaf." Shekara da shekaru matan gidan suna gudanar da gwajin da ya kamata a yi kafin a sayi ko allo guda, ba wanda ya tambaye su.

Alhaji bai yarda nan take ba. Ya ce, "Injiniya, ko ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama ba ta shigo gidan ga ba. Ruwa ta ina?" Gaskiyarsa, ruwa bai taɓa shigo masa ta ƙofa ba. Amma ruwan da ke lalata daɓe ba ya buƙatar ƙofa. Idan damina ta yi nisa, ruwan ƙarƙashin ƙasa a gefen fadama yana matsowa sama, laka kuma tana jan shi yadda lagwani ke jan kananzir. Kankare ba ya tare shi, domin shi ma cike yake da ƙananan kafofi. Muddin daɓe a buɗe yake, laimar tana fita ta bi iska ba wanda ya lura. Daɓen gargajiya da iyayenmu mata ke yi da tsakuwa da ruwan makuba haka yake, yana numfashi. Ranar da aka rufe daɓe da abin da iska ba ta ratsawa, ranar laima ke fara taruwa.

Abin da bincike ya nuna

Mun ɗage allunan gaba ɗaya. Soson ya sha ruwa har ana matsa shi yana ɗiga. Kumburin allunan daga ƙasa ya faro: bayansu ya yi baƙi, kuma waɗanda ke ƙarƙashin kujeru, inda tsumman goge ɗaki bai taɓa kaiwa ba, sun fi lalacewa. Wannan kaɗai ya wanke 'yan aiki. Da ruwan wanki ne, da ɓarnar ta fi yawa a fili da bakin ƙofa. Cikin laminet garin katako ne da aka matse, kuma idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa yadda yake ko an shanya shi.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ba ruwanta da laima. A kan hanyar da ake bi daga ƙofar shiga zuwa ƙofar cikin gida, haƙoran da ke harɗe allunan sun kakkarye. Laifin kaurin soso ne. Kowane taku allo yana nutsewa, na kusa da shi bai nutse ba, mahaɗar tana lanƙwasa har ta gaji. Ko da falon ya bushe ƙamas, wannan soson zai kashe daɓen, sai dai ya ɗan ja lokaci. Tozon tsakiya kuwa na rashin barin fili ne a gefen bango. An shimfiɗa allunan a lokacin da suka fi kowane lokaci bushewa, damina ta zo suka miƙe, bango ya hana su, suka tashi sama. A kusurwar gabas gara ta riga ta fara gini a bayan sikatin, wato siririn allon da ke zagaye gindin bango.

Sai gwaje-gwaje. Na farko shi ne na leda, wanda ma'aunin ASTM D4263 na Amurka ya tsara: a yanki farar leda santimita 45 kowane gefe, a manne ta a kan siminti da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla awa 16. Mun manna a wurare daban-daban na falon da kuma ɗakuna biyu na kwana a sabon sashe, muka bar su fiye da haka. Na falo duk sun tara gumi, simintin ƙarƙashinsu ya yi duhu. Na ɗakuna ba su nuna komai ba. A lura, wannan gwaji idan ya ce akwai laima to akwai, amma idan ya yi shiru a watan Maris bai tabbatar da komai ba. Darajar namu ita ce an yi shi a tsakiyar damina.

Na biyu, renji, wato miƙaƙƙen ƙarfe ko katakon auna lebur, mai mita 2 a kan daɓe. Masu ƙera laminet galibi ba su yarda da ramin da ya wuce milimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin renji ba. A falon akwai inda yatsa ke shigewa, wato sabon shafen ma ya bi tsohon ya lotsa cikin 'yan watanni. Na uku, muka fasa ɗan rami da guduma da cizal. Ƙarƙashin shafen akwai tsohon kankare da bai kai santimita 5 ba, yana marmashewa a hannu. Ƙarƙashinsa baƙar laka ce, wadda aka haƙo daga ramin harsashi aka mayar a matsayin ciko. Babu burji, babu leda, babu alamar an daddanna. Irin wannan laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, daɓen da ke kanta yana hawa yana sauka tare da ita.

A waje ma akwai magana. An yi ta ƙara ciko a tsakar gida har ya kusa daidai da daɓen falo, kuma ruwan kwano yana zuba ne a gindin bangon gabas kai tsaye, ɓangaren da hadari ke tasowa.

Zaɓin da aka auna

Mai shimfiɗa ya kawo mafi araha: a sa leda a kan shafen da ke nan, a sa siririn soso, a sayi sabbin alluna a maye gurbin waɗanda suka lalace. Ba shawarar banza ba ce, domin ainihin abin da ya kamata ya yi tun farko ke nan. Na ƙi ta ne saboda ramin da muka fasa. Leda za ta tsare alluna daga laima, amma ba za ta hana daɓe lotsawa ba, kuma babu soson da ke gyara daɓen da ke motsi. Ana yawan ɗora wa shimfiɗar ƙarƙashi nauyin da ba nata ba. Aikinta ta sha ɗan kaushin siminti, ta rage ƙarar taku, ta tallafi mahaɗar alluna, ledar da ke tare da ita kuma ta tare tururin laima. Ba ta cike rami, ba ta ƙarfafa ruɓaɓɓen kankare.

Mai shago ya so a koma ga allunan roba masu tauri, waɗanda ake kira SPC, da aka yi da garin farar ƙasa da roba. Gaskiya ne ruwa ba ya kumbura su, gara ma ba ta cin su. Sai dai laimar za ta ci gaba da taruwa a ƙarƙashinsu, wari ya dawo, kuma sun fi laminet rashin haƙuri da daɓe mai tudu da kwari. An kuma yi maganar shafa kwalta ko sinadarin hana ruwa a kan tsohon daɓen a ɗora tayil. Wannan yana aiki inda kankaren ƙasa ke da ƙarfi. Namu ba shi da shi.

Abin da aka tsaya a kai shi ne a raba gidan biyu. Falo a fasa shi har ƙasa a sake, a sa tayil. Allunan da suka tsira, da ɗan ƙari, a shimfiɗa su a ɗakin Alhaji na sabon sashe, wanda magininsa ya tabbatar an yi masa jaman fulo, wato zubin kankare a kan ciko, da leda, gwaji kuma ya gaskata shi. Alhaji ya ji zafin fasa falon da gyaransa bai shekara ba. Abin da ya sauko da shi shi ne da aka miƙa masa dunƙulen lakar da aka ciro, ya matsa ta ya ga ta yi masa sawun yatsu. Manomin fadama ne kafin ya zama ɗan kasuwa, bai nemi ƙarin bayani ba.

Aikin falo

An jira damina ta ɗauke, aka fara a Nuwamba. An kwashe laka zurfin kamar santimita 30, aka zuba jan burji hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba, a yayyafa ruwa a daddanna da inji kafin a ƙara wani. Leburori sun fi son juye tifa guda su baje su bi ta kai sau ɗaya, saman ya yi tauri ƙasan yana sako-sako. A nan ake haifar da lotsawar da za ta bayyana bayan shekara biyu. Aka fesa maganin gara, aka baje lallausan yashi kamar santimita 5 don kada tsinin burji ya huda leda.

Ledar ita ce zuciyar aikin, kuma a kanta aka fi yin ja-in-ja. Wadda aka fara kawowa irin siririyar baƙar nan ce da ake rufe buhunan shinkafa, ana ja tana yagewa. Abin da ake so ƙarƙashin kankare shi ne mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.3, wadda 'yan kasuwa ke kira geji 1000 ko 1200. Da yake nadin ba ya zuwa da rubutun da za a dogara da shi, sikeli ne alƙali: murabba'in mita ɗaya na mai kaurin 0.25 yana da nauyin kusan giram 230. Falon, idan an haɗa da ninki da abin da zai hau bango, yana cin kamar murabba'in mita 40, wato kilo 9 da ɗan wani abu. Aka ɗora ta farko a sikelin Alhaji na shinkafa, ba ta kai rabin haka ba, aka mayar. Ta biyu sai daga Sakkwato aka samo.

An shimfiɗa ta kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa santimita 30, aka manne da salatif mai faɗi, gefenta ya hau bango ya wuce inda tayil zai tsaya. Inda bututun waya ya ratsa aka naɗe shi aka manne. Aka jera katakai domin baro ya bi ta kai. Akwai wata ɗabi'a da dole a sa wa ido: wasu birkiloli da gangan suke huda leda da tsinin cokalin gini, don ruwan kankare ya tsiyaye ƙasa su samu su goge su tashi da wuri. Babban birkilan wannan aiki ma ya nema. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba a huda ba sai dare ya riske mu." Aka ce masa dare ya riske su, aka ƙara masa kuɗin yini. Maganin wannan matsala rage ruwan kwaɓi ne, ba huda leda ba.

Kankaren santimita 10 ne, da wayar raga a tsakiya, kwaɓin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan sabon kankare kafin ya yi ƙarfi, don haka aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Aka bar shi mako shida kafin shafe, shafen kuma mako uku kafin tayil. Iyalin suka koma zama a rumfa, ba tare da sun ji daɗin hakan ba.

Tayil ba ya son soso ko wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa. Shimfiɗarsa ita ce shafe mai lebur da gam wanda ya cika bayansa duka. Mai tayil ya saba ɗiga siminti dunƙule biyar a bayan kowane ɗaya ya danna. Irin wannan ne ake ƙwanƙwasawa a ji ƙarar fanko, kuma shi ne ƙafar kujera ke fasawa. An sa shi ya baje gam da cokali mai haƙora, ya shafa wa bayan tayil ɗin ma, domin manya ne masu santimita 60. Aka bar milimita 3 tsakaninsu, da fili a gefen bango wanda sikatin ya rufe. A wurin da zafin rani da sanyin hunturu ke da nisa haka, tayil ɗin da aka matse ba fili yakan tashi da kansa.

Aikin ɗaki

Wannan yini biyu ya ci, amma shi ne ainihin darasin zaɓen shimfiɗa. Renji ya nuna tudu ɗaya da kwari biyu. Aka goge tudun da dutsen inji, aka cike kwarin aka bar shi ya bushe. Aka share har sai da tafin hannu ya daina jin yashi, domin ƙwayar tsakuwa guda tana iya huda leda ko ta riƙa ƙara ƙarƙashin allo har abada.

Duk da ɗakin ya ci gwaji, an sa leda mai kaurin milimita 0.2, ninki santimita 20, manne da salatif, ta hau bango kaɗan. A kan siminti ba a shimfiɗa laminet babu ita, komai bushewar da ido ya gani. A kanta aka sa soso mai tauri na milimita 2. Shi ba a ninka shi, baki da baki ake haɗawa a manne, don ninki yana yin tudun da ƙafa za ta ji. A Turai akwai ma'aunin EN 16354 da ke auna ƙarfin irin wannan shimfiɗa, amma nadin da ke kasuwanninmu da wuya ka ga an rubuta masa komai. Abin da ya rage wa mai saye shi ne yatsunsa: a matsa soson tsakanin babban yatsa da manuni. Idan ya lotse nan take har yatsun suka haɗu, kuma bai dawo ba, a bar shi. Farin soson da ake naɗe firji da talabijin a kwali ya faɗi wannan gwajin, duk da shi aka fi tallatawa. Wanda kuma ya sayi allunan da suka zo da sosonsu manne a baya, kada ya ƙara wani, ya sa leda kawai.

Allunan sun kwana biyu a ɗakin a kwance kafin a fara. Aka bar milimita 10 a kowane gefe da ƙananan katakai a matsayin ma'auni, har da bakin ƙofa da gefen wadirof. Tunda a rani ake aikin, ba a rage ko kaɗan daga wannan fili ba. Sikatin a bango aka kafa shi, ba a jikin allo ba, don daɓen ya samu ya miƙe ya tsuke a ƙarƙashinsa.

Maganar biyan asara ba ta yi tsawo ba. Mai shago ya fita, kayansa ba su da aibu. Mai shimfiɗa ya amince da laifin soso da na fili, ya yi aikin ɗakin kyauta. Kuɗin falo Alhaji ya ɗauka, domin lakar da ke ƙasa ta girmi kowa a rigimar.

Bayan damina ta gaba

A waje an rage cikon tsakar gida, aka zuba kankare mai gangara faɗin mita 1 a gindin bango, aka sa wa kwano magudana da ke kai ruwa kwata. Da damina ta zagayo, tayil ɗin falo bai nuna laima ba, ƙwanƙwasawa ba ta ba da ƙarar fanko ba, wari ya tafi. An sa kafet a tsakiya wanda ake iya naɗewa, saboda mahaifiyar Alhaji ta yi ƙorafin sanyin tayil da hunturu. A ɗaki an cire sikatin ɗaya a Satumba an duba: filin milimita 10 ya ragu sosai amma bai rufe ba.

Abu ɗaya bai warware ba. Bangon gabas na falon har yanzu yana tofar da fenti daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa, da farin gishiri-gishiri a jikinsa, duk da ya ragu. An gina bangon ba tare da an sa masa abin tare laima a gindi ba, ledar da ke ƙarƙashin daɓe kuma ba ta shiga ƙarƙashin bulo. Gyaransa yana buƙatar yanka bangon gaɓa-gaɓa a cusa leda ko kwalta, Alhaji ya ce a bari sai bayan girbi. A yanzu an kankare fentin mai da ke wurin an shafa farar ƙasa, an kuma janye kujeru daga jikin bangon.